Leo Kanner: Likitan da ya lura da baiwa da raunin yara masu lalurar galahanga

A shekarar 1943 wani likita a birnin Baltimore na Amurka ya wallafa rahoto kan wasu yara 11 da lamarinsu ya ɗaure wa iyaye da malamai kai. A cikinsu akwai wanda ya iya ƙirga 1 zuwa 100 tun yana ɗan mitsitsi, amma idan aka yi masa tambaya sai ya maimaita tambayar maimakon ya ba da amsa. Akwai wadda aka ɗauka kurma ce, alhali tana ji sarai.

Sunan likitan Leo Kanner, kuma rahoton nasa ne ya sa duniyar likitoci ta fara kallon lalurar da ake kira otizim, wadda kafofin yaɗa labaran Hausa ke kira galahanga, a matsayin lalura mai zaman kanta.

Kafin wannan lokaci, irin waɗannan yara ana yi musu kuɗin goro ne, a ce ko dai masu raunin ƙwaƙwalwa ne ko masu taɓin hankali. Kanner ya zauna ya rubuta abin da kowane yaro ya iya da abin da ya gagare shi, ɗaya kusa da ɗaya. Abin da ya fito daga wannan aiki har yau likitoci da malamai suna amfani da shi, duk da cewa shi kansa ya tafka kurakuran da suka jefa iyaye da yawa cikin baƙin ciki.

Daga ƙauye zuwa Berlin

An haifi Kanner ranar 13 ga Yunin 1894 a ƙauyen Klekotiv kusa da garin Brody, a yankin da a lokacin yake ƙarƙashin daular Ostiriya da Hungari, yanzu kuma yana cikin ƙasar Yukren. Iyayensa Yahudawa ne.

A 1906, yana da shekara 12, aka tura shi Berlin a Jamus wajen danginsa domin ya yi karatu. A ƙuruciyarsa rubuta waƙoƙi ya fi ba shi sha'awa, amma daga ƙarshe sai ya shiga karatun likita a Jami'ar Berlin.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse masa karatu, inda ya yi aiki a sashen kula da lafiya na rundunar sojin Ostiriya. Bayan yaƙin ya koma jami'a, ya kammala, ya fara aiki a fannin cututtukan zuciya a asibitin Charité da ke Berlin. A 1921 ya auri June Lewin.

A 1923 hauhawar farashi ta karya darajar kuɗin Jamus har albashi ya zama ba ya sayen abin kirki. A shekara mai zuwa, 1924, Kanner ya kwashi iyalinsa ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya samu aiki a asibitin masu taɓin hankali na gwamnati da ke Yankton a jihar Dakota ta Kudu. A nan ya fara koyon aikin likitan ƙwaƙwalwa gadan-gadan, a bakin aiki.

A 1928 ya koma asibitin Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, ƙarƙashin fitaccen likitan ƙwaƙwalwa Adolf Meyer. A 1930 aka ɗora masa nauyin buɗe sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara a cikin asibitin yara na jami'ar, irinsa na farko a Amurka. A 1935 ya wallafa littafin koyarwa na farko da aka rubuta da Ingilishi a wannan fanni.

Mai tsaya wa marasa gata

Tun kafin maganar galahanga ta taso, an san Kanner da shiga faɗan waɗanda ba su da mai tsaya musu.

A 1937 ya fallasa wata badaƙala a jihar Maryland. Wasu lauyoyi sun riƙa zuwa kotu suna karɓo umarnin a sallami mutane daga Rosewood, wata cibiyar gwamnati da ake ajiye masu raunin ƙwaƙwalwa. Mutum 166 aka fitar ta wannan hanya, akasarinsu mata, kuma yawancinsu gidajen masu hali aka kai su suna aikatau a kyauta ko a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kanner ya bi sawun 102 daga cikinsu, ya tarar da yawa an kore su bayan an gama morarsu, sun ƙare a kan titi, ko gidan yari, ko cikin rashin lafiya.

A shekarun da 'yan Nazi ke mulkin Jamus, ya taimaka wa likitoci masu yawa da suka tsero daga Turai wajen samun izinin shiga Amurka da kuma aikin yi.

A 1942 wani sanannen likitan jijiyoyi, Foster Kennedy, ya rubuta a babbar mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka cewa ya kamata doka ta ba da damar kashe yaran da raunin ƙwaƙwalwarsu ya yi tsanani. Kanner ya mayar masa da martani a cikin mujallar, yana mai nuna cewa masu raunin fahimta ma suna da amfani ga al'umma kuma rayuwarsu tana da daraja. Sai dai a wannan rubutun bai ƙi amincewa da a hana wasunsu haihuwa ba, ra'ayin da ya zama ruwan dare tsakanin likitocin zamanin, wanda a yau ake ɗaukarsa a matsayin zalunci.

Wasiƙa mai shafi 33

A 1938 Kanner ya samu wata doguwar wasiƙa mai shafi 33 daga wani lauya a garin Forest na jihar Mississippi. Lauyan ya zayyana halin ɗansa mai shekara 5, Donald Triplett, dalla-dalla.

Yaron yana da shekara 1 ya iya rera waƙoƙi da dama ba tare da kuskuren karin sauti ba. Kafin ya cika shekara 2 yana riƙe sunaye da fuskokin mutane masu yawa. Ya haddace Zabura ta 23 da tambayoyi da amsoshi 25 na littafin koyar da addini na cocinsu. Ya san hotunan shugabannin Amurka, kuma yana iya karanto haruffa daga farko zuwa ƙarshe, ya kuma juyo da su daga ƙarshe zuwa farko.

Amma kuma bai damu da shigowar mahaifiyarsa ko fitarta ba. Ba ya wasa da sauran yara. Abin da ya fi faranta masa rai shi ne ya samu murfin tukunya ko wani abu mai zagaye ya yi ta juya shi. Idan aka katse shi sai ya birkice.

Likitocin yankinsu sun ba da shawarar a raba shi da gida, har ya shafe kimanin shekara guda a wata cibiyar kula da yara ta gwamnati, inda ya ƙara shiga cikin kaɗaici. A watan Oktoban 1938 iyayen suka kai shi Baltimore gaban Kanner.

Cikin shekaru biyar da suka biyo baya, Kanner ya ga wasu yara 10 masu irin wannan hali. Jimilla maza 8 da mata 3. Donald ne ya zama na farko a jerin da ya wallafa a 1943. Kalmar otizim kuwa ya aro ta ne daga likitan Siwizalan Eugen Bleuler, wanda ya ƙirƙiro ta daga wata kalmar Girkanci mai nufin kai, wato mutum ya koma cikin kansa.

Inda yaran suka yi fice

Abu na farko da ya ja hankalin Kanner shi ne ƙarfin hadda. Yaran da ke magana a cikinsu suna riƙe waƙoƙi, jerin sunaye, lambobi da dogayen kalmomi masu wuya, su dawo da su daidai bayan watanni ko shekaru.

Na biyu shi ne kunne. Wani yaro a cikinsu, tun yana da wata 18, yana iya bambance dogayen kaɗe-kaɗen gargajiya na Turai har 18 idan aka sa faifan garmaho, kuma da zarar kiɗa ya fara sai ya faɗi sunan wanda ya tsara shi.

Na uku shi ne ido. Akwai wani gwaji da ake yi da allon katako mai ramuka, inda ake ba yaro gutsattsarin katako masu siffofi daban-daban ya saka kowanne a raminsa. Yaran sun yi ƙoƙari sosai a wannan gwaji. Haka kuma suna tuna yadda aka jera kayan wasa ko kayan ɗaki, ko da tsarin ba shi da wata ma'ana a idon babba, su gane nan take idan an gusar da abu guda.

Yarinyar da aka ɗauka kurma ce ta shafe shekaru a makarantar gwamnati ta masu raunin ƙwaƙwalwa. Da aka yi mata sassan gwajin kaifin basira da ba su buƙatar magana, sai ta samu maki 94, wanda ke cikin matsakaicin abin da sauran yara ke samu. Wani yaron kuma ya samu maki 140.

Inda abin ya gagare su

Rauni mafi girma da Kanner ya gani shi ne na mu'amala da mutane. Yaro zai shigo ofishin likita ya wuce kai tsaye wajen kayan wasa, bai ko kalli mutanen da ke zaune ba. Idan aka tsikare shi da allura, allurar yake tsoro, ba ya ɗaga kai ya dubi wanda ya tsikare shi.

Sai kuma harshe. Yara 8 cikin 11 sun iya magana, 3 ba su yi ba. Amma ko masu maganar, sun daɗe ba sa amfani da ita wajen isar da saƙo. Suna maimaita jimlar da suka ji yadda take, shi ya sa yaro kan kira kansa da kai maimakon ni. Idan Donald yana so a cire masa takalmi, sai ya faɗi maganar yadda mahaifiyarsa ta saba faɗa masa ita.

Kalma kuma takan maƙale a wurin da yaro ya fara jin ta. Mahaifin Donald ya so ya koya masa cewa e da a'a, sai ya tambaye shi ko yana so a ɗora shi a kafaɗa, ya ce idan yana so ya ce e. Yaron ya koya, amma ya daɗe yana ɗaukar cewa ma'anar e ita ce a ɗora shi a kafaɗa. Haka nan idan aka ce ya ajiye abu, sai ya ajiye shi a ƙasa daɓas, domin yana ɗaukar magana ne a kan zahirinta.

Akwai kuma tsananin ƙin canji. Wani yaro ya rikice a ranar da iyayensa suka tashi daga gida, bai natsu ba sai da ya ga an jera kayan ɗakinsa a sabon gidan kamar yadda suke a tsohon. Ƙarar injin share ƙasa, lilo, ko ruwan famfo kan firgita wasunsu ƙwarai.

Abin lura a nan shi ne baiwar da raunin sau da yawa tushensu ɗaya. Ƙwaƙwalwar da ke riƙe kowane ƙaramin abu yadda yake, ita ce kuma take shan wahala idan abin ya sauya ko da kaɗan ne. Yaron da ya haddace jimla ba tare da ya rasa harafi ba, shi ne kuma ya kasa sarrafa ta ta dace da sabon yanayi.

Kurakurai biyu

Kuskuren Kanner na farko shi ne ya ɗauka dukkan yaran masu kaifin basira ne, lalurar ce kawai ta lulluɓe basirar. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa abin ya bambanta ƙwarai. Wasu masu galahanga basirarsu ta zarce ta tsaransu, wasu matsakaita ne, kaso mai yawa kuma suna da raunin fahimta na gaske wanda ke buƙatar tallafi tsawon rayuwa. Baiwa ta ban mamaki irin ta lissafi ko kiɗa, 'yan kaɗan ne ke da ita.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. A rahoton 1943 Kanner ya bayyana cewa da lalurar ake haihuwar yaran. Amma a wuri guda ya yi tsokaci cewa iyayensu 'yan boko ne masu zurfin ilimi waɗanda ba su cika nuna ƙauna a fili ba. Huɗu daga cikin iyaye mazan likitocin ƙwaƙwalwa ne, kuma 9 daga cikin iyaye matan sun yi karatun jami'a. Bai yi la'akari da cewa a wancan zamani sai masu ilimi da hali ne ke iya kai ɗansu har Johns Hopkins ba.

A wani rubutu na 1949 ya kwatanta tarbiyyar irin waɗannan gidaje da ajiye yaro a cikin firji. Wannan kwatanci ya bazu, wasu suka ɗauke shi suka ƙara masa gishiri, musamman Bruno Bettelheim na Jami'ar Chicago, wanda littafinsa na 1967 ya ɗora laifin kacokan a kan uwaye. Shekara da shekaru mata suna kai 'ya'yansu asibiti neman taimako, su dawo gida da zargin cewa su ne suka jawo.

Kanner ya ja da baya daga bisani. A 1964 ya rubuta gabatarwa ga littafin Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam kuma uban yaro mai galahanga, wanda ya kawo hujjojin cewa lalurar daga halittar ƙwaƙwalwa take. A 1969, a taron ƙungiyar iyayen yara masu galahanga ta Amurka, Kanner ya fito fili ya wanke iyaye daga zargi.

A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka binciki tagwaye 21 a Birtaniya. A cikin tagwaye 11 da suka fito daga ƙwai ɗaya, an samu 4 da dukkansu biyu ke da lalurar, a cikin sauran 10 kuwa ba a samu ko ɗaya ba. Wannan ya ƙarfafa hujjar cewa gado yana da babban tasiri.

Ina yaran suka ƙare?

A 1971, shekara 28 bayan rahoton farko, Kanner ya bi sawun yaran 11 ya wallafa abin da ya samu.

Donald ya zauna shekaru a hannun wani manomi da matarsa kusa da garinsu tun daga 1942, kuma Kanner ya ziyarce shi a can a 1945. Mutanen ba likitoci ba ne, amma sun gane bakin zaren. Da suka ga yana son aune-aune, sai suka sa shi haƙa rijiya yana kawo musu rahoton zurfinta. Da suka ga ba ya gajiya da ƙirga kunyoyin masara, sai suka ba shi garma da doki, yana huɗa yana ƙirgawa. Daga baya ya koma gida, ya gama sakandare, ya samu digiri a harshen Faransanci a 1958, ya kama aiki a bankin garinsu. Ya rasu a watan Yunin 2023 yana da shekara 89.

Wani daga cikin yaran ya samu aikin sarrafa injin buga takardu a wata ma'aikatar gwamnati, kuma shugabanninsa sun yaba da riƙon amanarsa. Wani kuma bai taɓa yin magana ba, amma ya rayu a gona yana faskare da yankan ciyawa, daga baya ya riƙa taimaka wa tsofaffi a gidan da ake kula da su.

Waɗanda aka kai manyan asibitocin gwamnati labarinsu ya sha bamban. Yaron nan mai gane kaɗe-kaɗe 18 da yarinyar da ta samu maki 94 suna cikinsu. Kanner ya tarar baiwar da aka gani a tare da su suna ƙanana ta dusashe, sun ƙara janyewa daga mutane. Ya kwatanta shiga irin waɗannan wurare da ɗaurin rai da rai. Ɗaya daga cikin yaran ya rasu yana da shekara 29, biyu kuma ba a gano inda suke ba.

Yara 11 ba su isa a yanke hukunci a kimiyyance ba, kuma tun farko tsananin lalurar ya bambanta a tsakaninsu. Duk da haka darasin a bayyane yake: waɗanda suka samu mutanen da suka ɗora su a kan abin da suka iya sun ci gaba, waɗanda aka kulle kuma sun yi asarar ɗan abin da suke da shi.

Ba shi kaɗai ba ne

An daɗe ana cewa Kanner ne ya fara gano lalurar, amma tarihi ya nuna akwai wasu. Wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta bayyana wasu yara maza 6 masu irin wannan hali tun a tsakiyar shekarun 1920. Hans Asperger na birnin Vienna ya wallafa nasa rahoton a 1944. Ɗaya daga cikin likitocin da Kanner ya taimaka wa suka shiga Amurka, Georg Frankl, ya yi aiki a asibiti ɗaya da Asperger kafin ya zo Baltimore, kuma yana cikin waɗanda suka duba Donald.

Kanner ya kuma ɗauka lalurar ba ta da yawa. Aikin Lorna Wing da Judith Gould a Landan a 1979 ne ya faɗaɗa fahimtar, ya nuna cewa tana zuwa mataki-mataki, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 ne ke da ita.

Kanner ya rasu ranar 3 ga Afrilun 1981 a garin Sykesville na jihar Maryland, yana da shekara 86. Shekara goma kafin rasuwarsa ya zama editan farko na wata mujallar bincike da aka kafa kan wannan lalura, wadda har yanzu take fitowa.

Binciken da aka yi bayan rasuwarsa ya tabbatar da da yawa daga abin da ya gani da idonsa. A 1983 Amitta Shah da Uta Frith sun nuna cewa yara masu galahanga sun fi tsaransu iya gano ƙaramar siffa da aka ɓoye a cikin babban zane. A 1985 wani gwaji da Simon Baron-Cohen, Alan Leslie da Frith suka yi ya nuna cewa 16 cikin yara 20 masu lalurar sun kasa hasashen abin da wani ke tunani idan ya saɓa da abin da su suka sani.

Shi ya sa a yau masana ke gargaɗin kada a auna irin wannan yaro da maki guda, ko a yanke masa hukunci saboda ba ya magana. Ana duba harshensa daban, haddarsa daban, idonsa da hannunsa daban, sannan a tsara masa karatu da hotuna, da jadawalin da ba ya yawan sauyawa, da umarni gajeru marasa harshen damo. Tambayar da Kanner ya fara yi a ofishinsa ita ce har yanzu ake so iyaye da malamai su fara da ita: me wannan yaron ya iya, kuma ta yaya za a yi amfani da shi a taimaka masa a inda ya gaza?